Tarihin Gatarin Kwalekwale: Daga Fataken Fata Zuwa Masu Yawon Daji a Kanada

Shimfiɗa

 Yau zan ɗauke mu daga karar shanu da rumfar goro, in kai mu can arewacin nahiyar Amurka, wato ƙasar Kanada da jihar Minnesota da ke maƙwabtaka da ita, don mu dubi tarihin wani kayan aiki da kowannenmu ya sani tun yana yaro: gatari.

A can, da zarar ƙanƙara ta narke a watan Mayu, dubban mutane kan ɗora kwalekwale a kan mota su nufi daji. Sai su yi mako ɗaya ko biyu, wasu ma wata guda, suna tuƙi daga wannan tafki zuwa wancan, inda yamma ta yi musu nan za su kafa tanti. Babu kanti, babu asibiti, galibi ko waya ba ta shiga. Duk abin da mutum zai buƙata sai ya taho da shi daga gida, kuma duk abin da ya taho da shi a bayansa zai ɗauke shi. Shi ya sa kafin tafiya akan yi ta muhawara a kan kowane kaya, kuma da wuya a sami wanda ake jayayya a kansa kamar gatari. A ɗauka ne ko a bari? In za a ɗauka, babba ko ƙarami? Tambayar kamar wasa, amma wanda ya kuskure amsa ko dai ya kwana cikin ruwan sama da sanyi babu wuta, ko kuma ya sari ƙafarsa a inda sai an yi tuƙin kwana uku kafin a ga likita. Kusan shekara 500 ke nan ana neman wannan amsa, kuma hanyar da aka bi wajen nemanta ita ce labarinmu.

Ƙasar da ruwa ne titinta

Kafin mu kai ga gatari sai mun fahimci ƙasar. Babban ɓangare na Kanada daji ne mai duhu, ga duwatsu ga fadama, ba ya ratsuwa da doki ko keken shanu. To amma ƙasa ce mai tabkuna da koguna ba iyaka, wannan na zuba cikin wancan. Tun kafin zuwan Turawa, 'yan asalin ƙasar irin su Algonquin da Ojibwe da Cree sun mayar da ruwan nan hanyarsu. Kwalekwalensu ba irin wanda muka saba gani a Lakwaja ko Anacha ba ne, wanda ake fafe gungume ko a harhaɗa katako mai nauyi. Su ɓawon wata bishiya mai farin jiki suke amfani da shi, wanda ake ɓarewa falle guda kamar tabarma. Sai a yi masa haƙarƙari da siraran katako, a ɗinke da saiwar icce, a toshe ɗinkin da ƙaro. In ƙarami ne, mutum ɗaya na iya kife shi a ka ya yi tafiya da shi.

Rashin nauyin nan shi ne sirrin abin, domin kogunan cike suke da magangara, wato wuraren da ruwa ke gangarowa da ƙarfi a kan duwatsu, irin na Busa inda Mungo Park ya halaka a 1806. In an iso irin wannan wuri, ko kuma tafki ya ƙare sai an taka ƙasa kafin a kai na gaba, dole a sauke kaya, a ɗauki kwalekwalen da kayan duka a bi ta tudu. Wannan ita zan riƙa kira hanyar dako. Mai karatu ya riƙe ta da kyau, domin ita ce ta yanke wa gatarin wannan ƙasa girmansa da nauyinsa.

Zuwan baƙin ƙarfe

Mutanen wannan yanki ba su da maƙeran baƙin ƙarfe. Gatarinsu na dutse ne da aka goge ya yi kaifi, kuma in za su kayar da babbar bishiya sai su haɗa da wuta, a ƙona gindin a kankare gawayin, a sake ƙonawa. Aikin da gatarin ƙarfe zai gama kafin a sha ruwa yakan ci musu lokaci mai tsawo.

A watan Yuli na 1534, Bafaranshen nan Jacques Cartier ya shiga mashigin ruwan Chaleur, sai ga mutanen Mi'kmaq cikin kwalekwale da dama suna ɗaga fatu a kan sanduna, alamar suna son ciniki. Wannan ya nuna ba shi ne Bature na farko da suka gani ba. Ya ba su wuƙaƙe da ƙananan gatura da duwatsun wuya, su kuma suka ba da fatu har da waɗanda ke jikinsu. A ƙarnin nan na 16 masuntan Basque, mutanen da ke kan iyakar Faransa da Sifen, sukan zo gaɓar Labrador duk shekara farautar manyan kifayen teku, kuma ƙasarsu ta shahara da ƙira. Gaturan da suka fara yawaita a hannun 'yan ƙasa daga wajensu aka samo fasalinsu, shi ya sa Faransawa ke kiransu gaturan Biscay. Ƙarfen ya riga Turawan shiga cikin ƙasa: a wani tsohon garin mutanen Wendat da aka tono kusa da Toronto, an sami guntun ƙarfe da masana suka danganta da maƙeran Basque, an binne shi a ƙarƙashin wani gida, fiye da kilomita 1,000 daga inda jiragen ke tsayawa.

Ƙirar gatarin ba ta da wuya. Maƙeri kan ɗauki dogon falalen baƙin ƙarfe ya gasa shi, ya lanƙwasa shi a jikin wani sandan ƙarfe, ya haɗa bakunan biyu ya yi ta duka har su zama abu ɗaya. Inda ya lanƙwasa ya bar rami, nan ƙota ke shiga. Inda ya haɗe kuma sai ya baje shi ya zama baki. Masu kyau daga ciki akan cusa musu ɗan ƙarfe mai tauri a bakin don kaifi ya daɗe. A nan ya bambanta da gatarinmu na gida. Namu ƙarfen ne ke da tsini, shi ake kafawa a cikin kan ƙota. Nasu kuwa ƙotar ce ke shiga cikin ƙarfe, kuma sau da yawa ta sama ake zura ta kamar yadda ake yi wa diga, kaurin ƙarshenta ya riƙe kan, duk sara sai ya ƙara matsewa.

Wannan fasali ya yi wa ɗan kasuwa daɗi. Ba a ɗauko gatarin da ƙota daga Turai. Kawunan kawai ake jerawa a akwati, wanda ya saya ya shiga daji ya sari reshe ya fere wa kansa ƙota. In ta karye a hanya, wata na nan a bakin ruwa.

Farashin gatari a fatar biba

Abin da Turawa ke nema shi ne fatar wata dabbar ruwa da ake kira biba, mai kama da gafiya amma ta fi ta girma nesa ba kusa ba, ga faffaɗar wutsiya. Da lallausan gashinta ake yin hulunan da manyan Turai ke yayi. Ranar 2 ga Mayu, 1670, Sarki Charles na Biyu na Ingila ya ba kamfanin Hudson's Bay takardar izinin mallakar cinikin duk ƙasar da ruwanta ke zuba cikin mashigin tekun Hudson. Kamfanin ya kafa cibiyoyi a bakin ruwa, irin su Albany da York Factory, ya zauna yana jiran masu fata su zo.

Ba da kuɗi ake cinikin ba. Ma'aunin kamfani shi ne babbar fatar biba mai kyau, da ita ake ƙiyasta komai kamar yadda wuri ya kasance a kasuwanninmu na da. A jerin farashin Albany na 1733, fata ɗaya tana sayen ƙananan gatura 2, ko wuƙaƙe 8, ko tukunyar tagulla guda. Bindiga kuwa fata 10 zuwa 12 ce. A York Factory gatari ɗaya fata ɗaya ne, bindiga fata 14. Dalilin bambancin duk ɗan kasuwa ya san shi: Albany na kusa da inda Faransawa ke ciniki, in ka tsauwala sai mai kaya ya wuce wajen abokin hamayyarka.

Su ma 'yan ƙasar ba baƙi ba ne a harkar kasuwa. Mutanen Cree da Assiniboine sun zama dillalai tsakanin kamfani da ƙabilun da ke can cikin ƙasa. Sukan sayi gatari a bakin ruwa, su yi aiki da shi shekara ɗaya ko biyu, sannan su sayar wa na nesa a kan riba ninki-ba-ninki. Kuma ba sa karɓar kowane irin kaya. Wasiƙun da wakilan kamfani ke aikawa Landan cike suke da ƙorafin cewa masu saye na juya ƙarfe suna dubawa, in suka ga ɗan tsagu ko tabo sai su mayar. Suna da hujja, domin a sanyin ƙasarsu ƙarfe kan yi gautsi, ɗan tsagun da ido bai cika gani ba shi zai raba gatarin biyu a tsakiyar hunturu, a wurin da sai an yi tafiyar watanni kafin a sami wani. Da haka masu saye suka tilasta wa maƙeran Ingila gyara aikinsu. Har yau matafiya na can in sanyi ya tsananta sukan ɗumama gatari a jikinsu ko kusa da wuta kafin su fara sara.

Gatari ɗaya a kwalekwale ɗaya

Su Faransawa, da kamfanin North West da aka kafa a Montreal a 1779, ba su zauna jira ba. Kaya suke ɗauka su bi masu fata har gida. Ma'aikatan da ke wannan jigila ana kiransu voyageur da Faransanci, ma'ana matafiyi, kuma in mai karatu ya kira su fataken ruwa bai yi kuskure ba. A watan Mayu suke tashi daga Lachine kusa da Montreal cikin manyan kwalekwale masu tsawon ƙafa 36, kowanne na ɗauke da mutum 8 zuwa 12 da kayan da suka kai tan 3. Kafin su isa Tafkin Huron kaɗai sai sun bi hanyoyin dako 36. Daga yammacin Tafkin Superior kuma sai a koma ƙananan kwalekwale masu tsawon ƙafa 25, waɗanda suka fi dacewa da ƙananan koguna.

An ɗaure kayan ne ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi kusan kilo 41, kuma ƙa'ida ita ce mutum ya ɗauki biyu a lokaci ɗaya da wani maɗaurin fata da ake ratayawa a goshi. Kilo 82 ke nan, wato buhun siminti ɗaya da rabi har da ɗoriya. Hanyar dakon Grand Portage kusan kilomita 14 ce, ta Methye kuwa 19. Ciwon ƙaba ya kashe da yawa daga cikinsu. Mutumin da ke wannan hali ba zai yarda a ƙara masa ko awo ɗaya na abin da ba dole ba.

Duk da haka ba a barin gatari. Alexander Mackenzie, a littafinsa da ya fito a 1801, ya lissafa kayan aikin da kowane babban kwalekwale ke tafiya da su: gatari, igiyar ja, tukunya, soson kwashe ruwa, sai ƙaro da ɓawo da saiwa na gyara. Gatari guda ga mutum goma. Da shi ake saran itacen girki, da shi ake share bishiyar da ta faɗi ta tare hanyar dako, da shi ake saro dogayen sandunan tura kwalekwale a ruwa marar zurfi. Har alamar hanya da shi suke yi: sai a sami doguwar bishiya a kan tudu a sassare rassan tsakiyarta a bar tuntu a sama, wanda ke can tsakiyar tafki ya hango ta ya san inda zai nufa.

Tafiyar shi Mackenzie ɗin ta 1793 ta isa misali. Su goma ne cikin kwalekwale ɗaya suna neman hanyar zuwa Tekun Fasifik. A watan Mayu suka iso wani matsatsin kwazazzabo a Kogin Peace inda ruwa ya fi ƙarfinsu. Sai suka fito da gatura suka sare hanya ta kan dutse, suna kayar da itatuwa suna jan kwalekwalen sama da igiya, suna naɗe ta a jikin kututture don kada ya zame. Bayan kwalekwalen ya farfashe a wani kogi a watan Yuni, suka lallaɓa shi har suka sami inda akwai ɓawo, suka zauna suka gina sabo cikin 'yan kwanaki. Ranar 20 ga Yuli suka kai bakin teku. Bindiga ba za ta yi musu ko ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka ba.

Ba duka ne suka isa gida ba. Wani lokaci gajiya kan sa su ƙi sauke kaya su ce bari su ratsa magangara, kwalekwale ya kife. A 1960 ƙungiyar tarihi ta jihar Minnesota, ƙarƙashin jagorancin Robert Wheeler, ta fara tura masu nutso ƙarƙashin irin waɗannan wurare. A magangarar Horsetail suka tsamo tukwanen tagulla 17 an jera su ɗaya cikin ɗaya. A Kogin Basswood kuma suka tsamo gatura fiye da 30, kayan sayarwa ne da ba su kai kasuwa ba. Irin waɗannan sun taimaka wajen tabbatar da ainihin girman gaturan wancan zamani da fasalinsu.

Daga neman abinci zuwa yawon shan iska

A 1821 kamfanonin biyu suka haɗe. Daga nan manyan jiragen katako suka fara maye gurbin kwalekwale a manyan hanyoyi, hular siliki ta kori ta gashin biba, kuma a 1885 layin dogo ya ratsa Kanada daga gabas zuwa yamma. Zamanin fataken ruwa ya wuce. To amma a daidai wannan lokaci mutanen birni suka fara shiga kwalekwale don hutu. An kafa ƙungiyar masu kwalekwale ta Amurka a 1880, an keɓe dajin Algonquin a lardin Ontario a 1893, kuma a shekarar ce aka kafa sansanin samari na Keewaydin, wanda daga baya ya koma Tafkin Temagami yana koya wa yara doguwar tafiya a ruwa.

Wanda ya fi tasiri a kan sababbin matafiyan shi ne George Washington Sears, wanda ke rubutu da sunan Nessmuk. Ɗan ƙaramin mutum ne da bai kai kilo 50 ba, ga rashin lafiya. A 1883, ya haura shekara 60, ya yi tafiyar kilomita 428 a tabkunan Adirondack cikin wani kwalekwale da nauyinsa bai kai kilo 5 ba. Littafinsa mai suna Woodcraft ya fito a 1884, kuma wa'azinsa guda ne, a rage kaya. Gatarinsa ɗan ƙarami ne na hannu ɗaya mai baki biyu: ɗaya mai kauri na saran gaɓar icce da ƙashi, ɗaya mai siriri na lafiyayyen icce. A ɗaya ɓangaren kuma ga masu saran katako da babban gatarinsu mai kai wajen kilo ɗaya da rabi da ƙota yadi guda, wanda ke cin icce kamar me, amma ba ya shiga jakar baya.

Tsakanin waɗannan biyu aka tsaya, kuma abin da aka tsaya a kansa jikan gatarin Biscay ne. Masu ƙera gatura a Amurka suka ɗauki tsohon fasalin nan mai siririn wuya da baki mai faɗi da ya zubo ƙasa, suka ƙara masa ƙeya mai faɗi don ya daidaita a hannu a kuma iya buga turken tanti da ita, suka sayar da shi da sunan Hudson Bay. Kamfanoni irin su Collins, wanda aka kafa a Connecticut a 1826, da Snow & Nealley na jihar Maine, duk sun ƙera shi. Kansa giram 800 zuwa 900, ƙotarsa inci 24 zuwa 28. Ya isa a kama shi da hannu biyu, kuma ya kwanta a gefen jaka. Sai dai yana da aibi ɗaya da masu amfani da shi suka sani: ramin ƙotarsa gajere ne, don haka kan yakan saki da wuri in ana ba shi aiki mai nauyi.

Lokacin da aka fara ƙyamar gatari

Matafiyan zamanin Nessmuk da gatari suke yin komai. Su sari ɗanyun rassa su shimfiɗa su kwanta, su sari sanduna su kafa tanti, su kayar da icce su hura wutar da za ta kai asuba. Lokacin da masu shiga daji ƙalilan ne, daji na iya shanye wannan. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da mota da kwalekwalen alminiyam suka yawaita, sai masu shiga suka ninka, kuma kowa a wuri ɗaya yake ya da zango. Zangunan suka koma kututture da itatuwa masu tabon sara.

Daga nan doka ta shigo. A 1964 Amurka ta yi dokar kare dazuzzukan da ba a taɓa ba, a 1978 kuma aka ƙara tsaurara ta a kan yankin Boundary Waters na Minnesota, mai faɗin eka fiye da miliyan 1 da tabkuna fiye da 1,000. A can laifi ne a sari ɗanyen icce ko a ɓare ɓawon bishiya, ba a hura wuta sai a murhun ƙarfen da hukuma ta kafa, kuma ayari ba ya wuce mutum 9 da kwalekwale 4. Tanti ya zo da sandunansa na ƙarfe, ƙaramin risho ya ɗauke aikin girki, zarto mai naɗewa ya fi gatari saurin yanka gungume kuma ya fi shi aminci. Da yawa suka ce zamanin gatari ya ƙare.

Waɗanda suka ƙi yarda suna da hujjarsu. In aka kwana uku ana ruwa, duk ƙiraren da ke ƙasa sun jiƙe, busasshen makamashi ɗaya da ya rage yana cikin cikin mataccen gungume, kuma zarto ba ya faskare. Wanda kwalekwalensa ya kife a ruwan sanyi, wuta ce tsakaninsa da mutuwa. Marubucin nan Cliff Jacobson ya kawo sulhu: a ɗauki zarto da ƙaramin gatari tare, a yanka gungume gajere-gajere da zarto, a ɗora bakin gatari a kansa, a doki ƙeyar da wani guntun icce. Da haka gatari ya faskara icce ba tare da an ɗaga shi sama ba, balle ya kuskure. Haka kuma da guguwar 4 ga Yuli, 1999 ta kayar da miliyoyin itatuwa a Boundary Waters ta toshe hanyoyin dako, mutane sun tuna abin da ya sa fataken ruwa ba sa tafiya ba gatari.

Abin da tarihin ya bar wa mai zaɓe

In aka tattara abin da masana harkar suka yi ittifaƙi a kansa a yau, za a ga kowace shawara tana da tushe a labarin da ya gabata. Na farko shi ne tsawon ƙota. Mors Kochanski, malamin zaman daji na lardin Alberta da ya rasu a 2019, ya koyar da cewa gajeren gatari ya fi dogo haɗari. In mai doguwar ƙota ya kuskure icce, ƙasa yake sara. In mai gajera ya kuskure, sai ya kewayo ya sami gwiwa ko ƙauri. Ma'aunin da ya bayar shi ne mutum ya riƙe kan gatarin a tafin hannu ya miƙe hannun, ƙarshen ƙota ya kai hammata. Ga yawancin mutane wannan ya faɗa kusa da tsawon gatarin Hudson Bay. Kamfanin Gränsfors Bruk na Suwidin, wanda gaturansa suka yi farin jini a wajen matafiyan yanzu, yana da mai ƙota santimita 49 da mai 64, kuma muhawarar wanne ya fi ita ce dai tsohuwar muhawarar nauyin dako da amincin ƙafa. Wanda ya zaɓi gajere, sai ya durƙusa a kan gwiwoyinsa in zai yi sara, don in ya kuskure bakin ya tarar da ƙasa.

Na biyu, a duba kaya kamar yadda mutanen Cree ke dubawa. A ɗaga gatarin a saita ido a kan kaifinsa, a ga ko ya yi layi ɗaya da tsakiyar ƙota. A dubi ƙarshen ƙotar, jijiyoyin iccen su tafi daidai da inda baki ya fuskanta, kada su gitta. Ƙotar da aka lulluɓe da fenti abar tuhuma ce, domin fenti na ɓoye aibi, mai sheƙi kuma tana sa hannu ya yi bororo. Iccen hikori aka fi so saboda yana shanye girgizar sara.

Na uku, ruwa abokin gabar ƙota ne. A cikin kwalekwale gatari kan jiƙe ya bushe, ya jiƙe ya bushe, icce ya kumbura ya motse har kan ya fara rawa. Masu jiƙa shi a ruwa don ya matse suna sayen kwana ɗaya ne kawai, in ya bushe sai ya fi da saki. Maganin shi ne a shafa wa ƙota mai kafin tafiya, a ƙara buga weji in ya saki. A sa shi cikin kuben fata, a ɗaure shi cikin jaka don in kwalekwale ya kife kada ya bi sahun gaturan Basswood, a kuma riƙe ɗan magagari ko dutsen wasawa, domin dakusasshen gatari ne ke tsalle daga jikin icce.

Na huɗu shi ne ladabin sara. A share rassan da ke sama da gefe kafin a ɗaga hannu, kowa ya ja baya, a ɗora iccen a kan wani gungume, a sa takalmi mai rufi. Ba a sara da dare, ba a sara a gajiye, kuma ba a dukan ƙarfe da ƙeyar gatari don ramin ƙota kan buɗe. Sannan mataccen icce da ya riga ya faɗi kaɗai ake taɓawa, nesa da zango. A arewa mai nisa inda itatuwa suka ƙare, ko lokacin da hukuma ta hana hura wuta saboda fari, mafi alheri a bar gatarin a gida.

Kammalawa

Shi kamfanin Hudson's Bay, bayan ya bar cinikin fata ya koma manyan kantuna, bashi ya ci ƙarfinsa, ya rufe kantunansa duka a watan Yuni na 2025, yana da shekara 355. Gatarin da ke ɗauke da sunansa kuwa ana nan ana ƙera shi, kamfanin Council Tool na jihar North Carolina na cikin masu yi. Duk wanda ya taɓa ɗaukar kaya a ka ya yi doguwar tafiya zai gane lissafin da ya haifar da shi: abin da zai yi maka aiki in ka sauka, a nauyin da za ka iya jurewa kana tafe.